Fulas Mai Jan Murfi

Daren da na kawo Baba daga Bajoga
ruwan sama ya riga mu shiga Gombe.
Na sauko da shi daga mota kamar ƙwai a faranti,
aljihuna ba komai sai takardar likita
da wayar da ta mutu tun Malam Sidi.

Gado na tara, jikin taga.
Ƙarfe biyun dare ya buɗe ido ya ce, "Ruwan zafi."
Ina zan samo wuta
a ɗakin da fitila ma gyangyaɗi take?
Na fita baranda na zuba tagumi,
indararo na ta ambaliya a gabana,
ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Sai wata mata ta tashi daga tabarma,
zani a kafaɗa, Hausarta ta Kaltungo.
Ba ta tambayi sunana ba,
ba ta tambayi inda nake duba in zan roƙi Allah ba.
Ta miƙo fulas mai jan murfi:
"Ungo, ɗana. Riƙe shi a tsaye, yana yoyo."
A gindinsa an rubuta da jan farce: Ladi.

Baba ya kurɓa sau uku,
ya yi ajiyar zuciya,
barci ya ɗauke shi kamar bai taɓa tari ba.

Da asuba na kai wa mai shayin bakin ƙofa.
Bappa Manu ya juya shi, ya yi murmushi,
ya cika shi har wuya, ya ture hannuna da kuɗin:
"Wannan na san shi. Ba ya biya."
Ya karɓi wayata ya soka a jikin wutarsa,
ya ce in zauna, shayi na huce mini.

Kwana na huɗu na tarar an naɗe tabarmarta,
an yaye zanen gadon mijinta.
Ban sani ba ko sallama aka yi musu,
ko kuwa sallamar da ba a dawowa.
Fulas kaɗai na gani ƙarƙashin gadon Baba,
cike, da ɗuminsa.

Godiya ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.
Wa zan ba?
Ban san unguwarta ba, ban san sunan mijin ba.

Da magariba aka shigo da yaro daga Nafaɗa,
kakansa na biye, sanda a wuya, ba ya jin Hausa,
yana kallon famfo, yana kallon mutane.
Na san wannan kallon, nawa ne na ranar Talata.
Na miƙa masa, na nuna murfin da yatsa.
Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.
"Mi yetti," ya ce,
sai na ji ƙayar ta wuce.

Bayan kaka muka koma ganin likita,
Baba da ƙafarsa, yana yi mini faɗan sauri.
A baranda wata yarinya ta gifta mu a guje,
rungume da shi kamar 'yar tsana.
An ɗaure mariƙin da roba,
totuwar masara ta maye gurbin murfi,
sunan ya goge, saura harafi ɗaya.
Na tambayi Sista Rifkatu, "Na wa ne?"
Ta ce, "Oho. Na wanda dare ya yi wa tsawo."

A mota, wajen Kwami, Baba ya taɓa gwiwata:
"Matar nan ta ruwan zafi, ka yi mata godiya kuwa?"
Na dubi gonakin da aka girbe,
na ɓare lemo na miƙa wa na kusa da ni rabi.
Na ce, "Ina kan yi, Baba."